DODO, FATALWA DA YARANMU A DAREN KAKA

Kaka ta yi. Ruwa ya ɗauke, gero ya daɗe da shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi. A ƙasar Hunkuyi da Kudan da Makarfi, har zuwa Ikara, masu rake sun fara sara, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi a bakin fadamu. Da yamma iska ta fara sanyi. Wannan shi ne lokacin da hirar dare ta fi daɗi a ƙasar Hausa, gama ciki ya cika, aikin noma ya yi sauƙi, hadari kuma ba ya korar mutane ɗaki. Yara sukan kewaye wuta suna gasa gyaɗa da dankali, kafin a jima wani ya ce, "Kaka, a yi mana ta Dodo."

A nan ne iyaye masu bi da yawa sukan tsaya da tambaya. Ya dace yaron da aka haifa a gidan Kirista ya saurari labarin Dodo da fatalwa? Ya dace a bar shi ya karanta littafin da ke cike da aljanu? Waɗansu sun hana sam. Waɗansu kuwa ba su ma san abin da 'ya'yansu suke ji da karantawa ba. Mu dai a ganinmu labarun ban tsoro iri biyu ne, kuma wanda iyaye suka fi yaƙa da shi ba shi ne ya fi ɓarna ba.

Ba mu kaɗai muke da wannan marmari ba. A Ingila da Amurka ma, in ganyaye suka fara kaɗewa, dare ya yi tsawo, sai masu sayar da littattafai su fito da na fatalwa su jera a gaba. Daren 31 ga Oktoba, wanda suke kira Halowin, asalin sunansa jajiberin Ranar Dukan Tsarkaka ne, wadda ikkilisiyoyi da yawa suke kiyayewa ran 1 ga Nuwamba. Yau dai kasuwanci da shigar dodanni sun rufe wannan ma'ana, hotunansu kuwa suna iso mana ta waya. A Ingila har a lokacin Kirsimati akan yi irin wannan hira. Shahararren labarin Dikens na 1843 a kan wani attajiri marowaci ne wanda fatalwowi suka kwana suna nuna masa rayuwarsa, gari bai waye ba sai da ya tuba.

Tatsuniya tana da ƙofa

Mu dubi namu na gida. Mai tatsuniya ba ta farawa sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Daga nan kowa ya san an shiga wata duniya, inda Gizo yake auren Ƙoƙi, kura take magana, Dodo kuma yake zaune a bakin rafi yana jiran mai alkawarin banza. In an gama sai ta ce, "Ƙurunƙus," sau da yawa har ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Watau ta buɗe ƙofa, ta shigar da yara, ta fito da su, ta rufe. Har lokacinta ma an ƙayyade. Ba a tatsuniya da rana, wanda ya matsu kuwa sai ya "ɗaure Gizo" tukuna. Tsofaffi sun san in aka bar yara da tatsuniya da rana ba mai zuwa kiwo ko ɗiban ruwa.

Ku tuna da ta yarinyar nan da ta ce ba za ta auri kowa ba sai namiji marar tabo ko ɗaya a jikinsa. Samarin gari suka zo, ta kore su. Rannan sai ga baƙo kyakkyawa, fatarsa sumul, ba wanda ya san garinsu. Ta ce shi take so. Iyaye suka yi magana, ta toshe kunne. Aka ɗaura aure, suka kama hanya, sai da gari ya ɓace a bayansu sa'an nan angon ya fara mayar da kayan aro ɗaya ɗaya, har ya koma ainihin kamanninsa. A bakin masu ba da ita da yawa, ƙaramin ƙanenta ko ƙanwarta, wanda ta raina ta ce kada ya biyo ta, shi ya cece ta.

Yarinya 'yar shekara goma takan ji wannan gashin jikinta ya tashi, ta matsa jikin kakarta. Amma me ta ɗauka ta tafi da shi shimfiɗa? Ta koyi cewa kyan fuska ba shi ne hali ba, baƙon da ba a san asalinsa ba a bincika shi, ƙaramin gida kuma ba abin rainawa ba ne. Mai wa'azi zai yi Lahadi uku bai dasa wannan a zuciyarta kamar yadda tsohuwa ta dasa a dare ɗaya ba. Tsoron kuwa ta sha shi ne a zaune cikin 'yan'uwanta, hannun babba yana kanta, Dodon kuma ya sha kashi kafin a tashi. Yaron da ya saba ganin ana kayar da Dodo a tatsuniya yana koyon yadda ake riƙe zuciya.

Waɗannan tatsuniyoyi an daɗe da rubuta su. Wani jami'in mulkin Turawa, Frank Edgar, ya tattara ɗaruruwansu daga hannun malamai, aka buga cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa 'yan makaranta Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, a farkon shekarun 1970. A nan Zariya kuma aka yi gasar rubutu ta 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda mai labarin ya yi ta yawon duniya har ya kai ga aljanu. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, dukansa hira ce: a littafi na farko aku ne yake tsare ɗan sarki da labari bayan labari domin kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Dattawanmu da yawa da suka zama fastoci da masu bishara da malaman asibiti, da waɗannan littattafai suka ƙware a karatun Hausa, ba su kuwa hana su riƙe bangaskiya ba.

Labarin da ba shi da ƙurunƙus

Akwai iri na biyu. Shi ba a fara shi da "ga ta nan." Akan fara shi da rage murya: "Kun ji abin da ya faru a unguwar su wane?" Ba kaka ce take ba yara ba. Manya ne suke ba junansu a zaure, ko a bakin rijiya, ko a hanyar dawowa daga sujada, yara kuwa suna gefe sun yi kamar barci.

A cikin irin wannan ne akan ji cewa an ga wane, wanda aka binne makon jiya, yana tsaye a gindin tsamiya. A ciki ne akan ji cewa yaron da ke kwance da zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa, saboda haka ita ta kama kurwarsa. Dodon tatsuniya ba shi da gida a garinmu. Amma wannan tsohuwa tana da gida, tana da suna, wataƙila ma benci ɗaya muke zama da ita ran Lahadi. Sau da yawa gwauruwa ce wadda mijinta ya mutu, 'ya'yanta sun tafi birni, ba ta da mai tsaya mata. Daga ranar da maganar ta fita ba mai sayen ƙosanta. Yara su gan ta su watse. A waɗansu wurare akan jawo ta a tilasta mata ta tsallaka marar lafiya, wai ta saki kurwarsa, in abin ya ƙazanta har da duka. Tun da kuma mutane sun ɗauka ana shan maita a nono, jikokinta mata ma sai su rasa masu neman aure. Magana ɗaya da aka yi a bakin wuta ta isa ta lalata gida har tsara uku.

Dokar ƙasa ma ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa zargin mutum da maita cikin abubuwan da ake hukunta mai yinsu. Mu kuwa muna da wadda ta riga ta, watau doka ta tara cikin Dokoki Goma, wadda ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Abin mamaki, gidan da aka hana yara tatsuniyar Gizo domin wai ƙarya ce, a nan ne wani lokaci za ka ji uwa tana gargaɗin ɗanta kada ya karɓi ko ƙwayar gyaɗa daga hannun wance.

Ga kuma hasara ta biyu, wadda ta fi gaggawa. Ƙarshen damina da farkon kaka su ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. In ya hau kai yakan sa yaro jijjiga, da sambatu, da kiran sunayen mutane, har ya suma. Yaron da ke sambatu sunan wanda ya saba gani zai kira, ba na baƙo ba. Kowace sa'a da aka ɓatar ana neman wanda ya kama shi, an rage ta ne daga sa'o'in da allurar asibiti za ta iya cetonsa. In rani ya shiga kuma sai sanƙarau, wanda a annobar 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, yawancinsu a Arewa. Shi ma da zafin jiki da ruɗewa yake zuwa, wuya ya sanƙare.

Gimi da Anchau

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a je nesa a samo musu misali. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka zo wurin Likita Mila na mishan ɗin C.M.S. a birnin Zariya. Daga wannan saduwa aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, a ƙasar Makarfi ta yau. Suka yi gonaki, suka gina majami'a da makaranta. Cikin 'yan shekaru kaɗan ciwon barci ya shiga garin. Mutum ya fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, halinsa ya sāke, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, ya mutu. Aka yi ta binnewa har garin ya watse, aka kwashe sauran, yawancinsu yara, zuwa Zariya. Zuriyarsu na cikin waɗanda suka zauna a Wusasa bayan mishan ya koma can a 1929, daga cikinsu kuma aka sami malamai da likitoci da ma'aikatan ikkilisiya.

Duk wanda ya ga irin wannan ciwo bai san sanadinsa ba, lalle zuciyarsa za ta tafi ga iska ko sammu. Amma mai kisan ƙuda ne, ƙudan tsando, wanda yake zama a inuwar kurmin bakin rafi yana cizon masu ɗiban ruwa da masu wanki. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta fara babban aiki a Anchau, gabas da nan, aka sassare kurmin bakin rafuffuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ciwon ya ja da baya ƙwarai. Wani masani Ba'amurke, Horace Miner, wanda ya zo daga baya ya zauna da mutanen wurin, ya rubuta a 1960 cewa da yawansu suna saran ne domin hukuma ta ce a yi, ba domin sun yarda ƙuda ne yake kawo ciwon ba, akwai kuma kurmin da suke jin tsoron taɓawa domin an ce mazaunin iskoki ne. Ku duba fa. Wurin da labari ya ce kada a taɓa, nan ne ƙudan yake samun mafaka.

Har a bakinmu akwai sauran irin wannan. Ciwon da yake shanye ƙafar yaro muna ce masa shan inna, watau Inna ta bori ce ta sha ƙafar. Ɗigon rigakafi a baki ya kore shi, har a watan Agusta na 2020 aka ba da shaida cewa ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Nijeriya da Afirka duka. Dannau kuma, wanda mutum yakan farka ya ji an danne shi, ya kasa motsi ko kira, likitoci sun san shi: hankali ne yake riga jiki farkawa, yakan wuce cikin ɗan lokaci kaɗan, ya fi kuma samun mai gajiya da wanda ya kwanta rigingine. Mujiyar da take kuka a kan rumbu da kaka, ɓeraye ta biyo.

Turawa suna da wani irin labari da aka gina a kan wannan, labarin mai bincike. Mafi shahara shi ne na Konan Doyil na 1902, inda aka ce wani baƙin kare na aljanu yana kashe magadan wani babban gida. Mai binciken, Shalok Homs, ya bi sawu har ya tarar kare ne na gaske, wani ɗan dangi mai kwaɗayin gado ya shafa masa maganin da ke ƙyalli cikin duhu. Irin wannan karatu yana da amfani ga saurayi, gama yana koya masa tambaya biyu: wa ya gani da idonsa, wa kuma zai ci riba in aka gaskata?

Abin da Littafi ya nuna

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa babu mugayen ruhohi. Yawancin Masihiyawan wannan yanki jikokin Maguzawa ne, kakanninsu sun yi wa iskoki yanka a gindin itace, sun san nauyin wannan bauta, sun kuma san abin da suka tsira daga gare shi. Littafi Mai Tsarki bai ce babu aljanu ba. A Markus sura 5 mun ga mutumin da yake zaune a makabarta, ba mai iya ɗaure shi ko da sarƙa. Amma labarin ya ƙare da shi a zaune, saye da tufa, cikin hankalinsa, aljanun kuwa sai da suka roƙi izini kafin su shiga ko aladu. Ba a taɓa nuna Ubangiji Yesu yana neman wata tsohuwa a gari domin ya ɗora mata laifin ciwon wani ba.

Game da matattu kuwa, misalin mai arziki da Li'azaru a Luka sura 16 ya nuna mai arzikin yana roƙo a aiki wani daga lahira zuwa ga 'yan'uwansa biyar, aka ƙi. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana neman shawarar matattu. Sarki Saul, wanda ya ɓad da kama ya tafi da dare wurin mai duba a Endor, abin da ya samo shi ne labarin mutuwarsa, ya fāɗi ƙasa don tsoro. Almajirai da kansu sau biyu suka ɗauki Ubangijinsu fatalwa ne: a kan teku da asuba, cikin Matiyu sura 14, da kuma bayan tashinsa, cikin Luka sura 24. A na biyun ya nuna musu hannuwansa da ƙafafunsa, ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Bai kore su domin sun tsorata ba. Haka ya kamata uba ya yi da ɗansa da ya farka da kuka: kada ya yi masa dariya ko tsawa, ya ɗauki tocila su je tare su duba abin da yake motsi a bayan danga, sa'an nan su yi addu'a, ya kwantar da shi.

Inda abin ya sāke a zamaninmu shi ne yaro ya daina shan tsoronsa a cikin jama'a. Yanzu yana ƙarƙashin bargo shi kaɗai, da wayar yayansa, yana sauraron littafin aljanu da ake karantawa a YouTube, ko yana kallon guntun fim a TikTok wanda aka ce wai ainihin fatalwa ce aka ɗauka. Ba mai ce masa ƙurunƙus. In wannan ya ƙare wani ya biyo, har barci ya sace shi da tsoron a ƙirji. Masu yin waɗannan kuwa ribarsu ita ce a daɗe ana kallo, saboda haka ba su da dalilin kashe Dodon. Gara a karɓi waya in an ci tuwon dare, amma wanda ya karɓa sai ya ba da wani abu a madadinta. Uwar da ta iya tatsuniya uku ta yi su. Uban da bai iya ba ya sa ɗansa na firamare ya karanta wa gida da ƙarfi, shi ma ya zauna ya ji. A bar ƙananan da ba su kai shiga makaranta ba su yi barci kafin a shiga masu nauyi. Ƙa'ida ɗaya ce ba sassauci a kanta, ga yara da manya da baƙi: ba a sa sunan mai rai, ko na mamacin da aka sani, a labarin tsoro a gidan nan.

Littafi Mai Tsarki kansa, wanda muke da shi cikakke da Hausa tun 1932, yana da labarun dare da za su sa yara su yi tsit. Akwai hannun da ya fito yana rubutu a bangon fādar Belshazzar, a Daniyel sura 5. Akwai kwarin busassun ƙasusuwa a Ezekiyel sura 37, inda aka ji motsi, ƙashi ya nemi ɗan'uwansa. Wanda yara suka fi so kuwa, in an iya ba da shi, yana cikin Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kashe Yakubu, ya kulle Bitrus da sarƙa biyu tsakanin soja biyu, gobe za a fito da shi. Masu bi sun taru a gidan Maryamu uwar Markus, an kulle ƙofa, ana addu'a cikin dare. Sai aka ji bugun ƙofar zaure. A nan mai ba da labari ya dakata, ya bar yara su tambayi kansu ko sojoji ne. Wata yarinya mai aikin gidan, Roda, ta tafi ta saurara, ta gane muryar, murna ta sa ta manta da sakata, ta koma ciki a guje. Manya suka ce ta haukace. Da ta nace, sai suka yanke cewa mala'ikansa ne. Suna ciki suna gardama a kan ko wane irin ruhu ne a ƙofa, mutumin da suka kwana suna roƙon Allah dominsa yana tsaye a titi cikin duhu, yana bugu, yana jiran wanda zai tashi ya buɗe.